Fankon kwanso: abin da na koya a shekara biyu na ɗakin gwaji

Jiya na miƙa makullin ɗakin gwaji na koma gida Kawo, bayan shekara biyu ina fama da cusa kurkumin, sinadarin da ke ba gangamau launinsa, cikin kwanson nano (ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu) na PLGA, wata irin roba da ke narkewa a jiki. Wanda ya taɓa aiki da kurkumin ya san halinsa: da ƙyar yake narkewa a ruwa, hanji ba ya ɗaukarsa sosai, ɗan abin da ya shiga jini kuwa hanta ba ta barinsa ya daɗe. Hikimar kwanson ita ce ya ɓoye maganin har ya sulale cikin ƙarin ciwon daji ta jijiyoyin jininsa masu yoyo, yadda masu bincike Matsumura da Maeda suka bayyana a 1986.

A shekarata ta biyu na zuba kwansona a kan ƙwayoyin kansar mama da ake renonsu a ɗakin gwaji, masu suna MCF-7, bayan awa 48 kuma kusan duka suka mutu. Murna ta sa na tsallake gwajin fankon kwanso, wato wanda babu magani a cikinsa, gwajin da ke nuna ko maganin ne ya yi kisan ko kuwa kwanson. Ban ɓoye wa malamin da ke duba aikina ba, amma da yake taron ƙara wa juna sani ya matso, sai ya ce in rubuta sakamakon, a yi sauran daga baya. A wurin taron wata malama ta tambaye ni, cikin ladabi ƙwarai, abin da fankon ya yi wa ƙwayoyin, na rasa ta cewa.

Da na dawo na gwada, fankon ma ya kashe su. Ashe ragowar sinadarin narkarwa da ake haɗa kwanson da shi ne ya yi aikin, domin wuta ta ɗauke a daren da ya kamata na'ura ta kwana tana motsa haɗin har sinadarin ya gama tashi. A gaban kwamiti Malam ya ce yaran yanzu gaggawa gare su, alhali sunansa ne na farko a takardar. Na ce, “Haka ne, ranka ya daɗe.” Shawarata ga mai shigowa ita ce, duk umarnin da aka ba shi da baki, ya rubuta shi a littafin gwaji da kwanan wata.

Sauran darussan ƙanana ne. Haske yana lalata kurkumin, launinsa kuma yana iya rikita karatun gwajin MTT, wanda ke auna ƙwayoyin da suka rayu ta hanyar launi. Na kuma rage ɗokin alkawarin magungunan nano: Abraxane, wanda ya naɗe faklitaksel, maganin ciwon daji na itacen yew, cikin furotin na albumin, ya samu izini a Amurka tun 2005, amma wani nazari na 2016 ya nuna cewa a gwajin ɓeraye kimanin kashi 0.7 cikin 100 na ƙwayoyin nano da aka yi allurarsu ne ke kaiwa ga ƙarin.

Ɗalibar da ta gaji teburina za ta tarar da kwalabe shida na fanko a firji, kowacce an wanke abin da ke cikinta sau uku, kuma babu wadda ta kashe ƙwayar komai.