Kafin ku sabunta babbar manhaja, ku san abin da aikinku ya jingina da shi

Ƙannena masu fara harkar kwamfuta, tun da wa'adin tallafin da Microsoft ke bai wa Windows 10 ya cika a ranar 14 ga Oktoba 2025, aikin ɗaga kwamfuta daga tsohuwar babbar manhaja zuwa sabuwa ya zama abin da za a riƙa kawo muku, wasunku kuma za su yi wa na'urorinsu da kansu. Ba a cika samun matsala wajen girka babbar manhajar kanta ba, domin yawanci takan hau lafiya, allo ya buɗe, mai kwamfuta ya yi godiya ya tafi. Matsalar tana kwance ne a cikin abubuwan da suka jingina da tsohuwar, wato direbobin na'urori, da manhajojin aiki, da adireshin da fayiloli suke zaune. Na daɗe ina ɗauka cewa da zarar na kwashe fayiloli zuwa faifan waje na gama shiri, kuma wannan zato ya jawo wa mutanen da suka ba ni amanar na'urorinsu asarar aiki da ɓacin rai waɗanda da bincike kaɗan da an kauce musu.

Direba ƙaramar manhaja ce da ke koya wa babbar manhaja yadda za ta yi magana da wata na'ura, kamar firinta ko sikana ko katin sauti, kuma ana rubuta ta ne musamman domin wani tsari na babbar manhaja. Na taɓa ɗaga kwamfutar wani ofis daga Windows 7 mai bit 32, wato tsohon fasalin ginin manhaja, zuwa Windows 10 mai bit 64, wato sabon fasalin, ba tare da na tambayi abin da ake jona mata ba, sai washegari aka gano cewa sikanar da duk aikin ofishin ya dogara da ita ta daina amsawa. Lafiyarta ƙalau, amma kamfanin da ya ƙera ta bai taɓa fitar mata da direba mai bit 64 ba, kuma direba mai bit 32 ba ta hawa tsari mai bit 64 ko ta wane hali. Akwai wani zaɓi a Windows da ke sa tsohuwar manhaja ta yi zaton tana kan tsohon tsari, kuma yakan taimaka wa manhajojin aiki, amma ba ya tsinana wa direba komai. Ku sani cewa Windows 11, wadda ta fito a Oktoban 2021, ba ta da nau'i mai bit 32 sam, tana buƙatar direbobi masu sa hannun tantancewa, sannan tsaron ƙwaƙwalwa da ke cikinta yana iya ƙin karɓar wata tsohuwar direbar ko da mai bit 64 ce. Manhajar PC Health Check za ta faɗa muku ko kwamfutar tana da TPM 2.0, wato ɓangaren tsaron da Windows 11 ke buƙata, da masarrafar (processor) da ta dace, amma ba za ta faɗa muku makomar firintar da ke gefenta ba. Wannan aikinku ne: ku rubuta suna da lambar kowace na'ura da ake jonawa, ku shiga shafin kamfanin da ya ƙera ta, ku ga sunan sabuwar babbar manhajar da idonku a jerin waɗanda take aiki da su.

Direbar da ta fi cancanta a tanada tun farko ita ce ta katin intanet, domin idan aka goge komai aka girka sabon tsari kuma bai gane katin ba, babu hanyar sauko da sauran. Ku ajiye ta a filasha kafin ku fara. A Windows akwai umarnin pnputil, wanda ke iya fitar da dukkan direbobin da aka ƙara wa kwamfutar zuwa folda guda, kuma mintunan da yake ɗauka ba su kai a yi ƙyashinsu ba. Masu amfani da Linux su ma su lura da direbobin katin hoto irin na NVIDIA, waɗanda ake sake ginawa duk lokacin da aka sauya ƙwayar tsarin, wato zuciyar babbar manhajar da ake kira kernel, domin idan ginin bai yiwu ba, kwamfutar tana iya tashi da baƙin allo.

Maganar manhajojin aiki ta fi sauƙin ganewa, don haka ba zan tsawaita ba. Windows mai bit 64 ba ta gudanar da manhaja mai bit 16, kuma akwai tsofaffin manhajoji masu bit 32 waɗanda magirkinsu, wato fayil ɗin da ke girka su, mai bit 16 ne, sai a wayi gari manhajar za ta iya aiki amma babu yadda za a girka ta. A ɓangaren Apple, macOS Catalina ta shekarar 2019 ta daina karɓar manhajoji masu bit 32 baki ɗaya, sannan da aka koma masarrafar M1 a 2020 sai tsofaffin manhajojin da aka rubuta wa masarrafar Intel suka riƙa aiki ta hannun manhajar fassara ta Rosetta 2, wadda ba ta fassara direbobin da ke shiga ƙwayar tsarin. Ku tabbatar magirkin kowace manhaja yana hannunku tare da lambar lasisinta, kuma idan lasisin na ɗaure da kwamfuta guda ne, ku kwance shi kafin ku goge tsohon tsari. Idan aikin mutum ya dogara da manhajar da aka daina sabuntawa, za a iya riƙe masa tsohon tsarin a cikin kwamfutar kwaikwayo, wato wadda manhaja irin VirtualBox ko Hyper-V ke ƙirƙira a cikin kwamfutar gaske, a raba ta da intanet.

Inda na fi so ku tsaya ku natsu shi ne adireshin fayil, domin direba idan ta ƙi aiki kowa zai gani nan take, amma adireshi yakan karye shiru, aiki ya ci gaba kamar babu abin da ya faru. Manhaja ba ta san fayil da kamanninsa ba, kwatancen inda yake kawai take riƙewa, kamar ɗan aiken da aka ba kwatancen gida: in masu gidan sun tashi, can zai je ya tsaya. Kuma waɗannan adireshi suna sauyawa fiye da yadda ake zato. A zamanin Windows XP fayilolin mutum suna ƙarƙashin C:\Documents and Settings, daga Vista suka koma C:\Users. A tsari mai bit 64, manhajoji masu bit 32 suna sauka a Program Files (x86), ba a Program Files ba. Idan aka shiga sabon tsari da asusun Microsoft, sunan foldar mutum yakan fito daga haruffa biyar na farkon adireshin imel ɗinsa, ba daga sunan da yake amfani da shi a da ba. Idan kuma aka kunna ajiyar OneDrive, wato ma'ajiyar Microsoft ta intanet, a lokacin girkawa, foldar Documents da ta Desktop sukan koma cikin foldar OneDrive, alhali a ido komai yana nan inda aka saba ganinsa.

A nan ne na yi kuskuren da ya fi damuna. Na shirya wa wani mai ƙaramar sana'a umarnin da ke kwafe foldar takardunsa zuwa faifan waje kowane dare, na rubuta cikakken adireshin foldar a ciki. Bayan na sabunta masa tsarin, takardun suka koma sabon wuri, tsohuwar foldar ta rage babu komai a cikinta, umarnin kuma ya ci gaba da kwafe foldar da babu komai yana bayar da rahoton nasara. Ba a gane ba sai ranar da aka nemi wani fayil da ya lalace, aka buɗe faifan aka tarar da kwafin ƙarshe ya tsaya ne tun ranar sabuntawa. Laifin nawa ne, domin na duba cewa umarnin yana gudana, ban buɗe faifan na duba abin da yake ajiyewa ba. Irin wannan yana faruwa da takardun Excel masu janyo lissafi daga wata takarda: idan mahaɗin ya karye, alƙaluman ƙarshe da aka janyo suna nan a allo, gargaɗin da ke fitowa kuma mutane sun saba rufe shi ba tare da karantawa ba, sai a yi ta aiki da tsohon lissafi.

Saboda haka duk inda ya yiwu, kada ku rubuta cikakken adireshi a cikin umarni. Ku yi amfani da sunayen da tsarin ke cikawa da kansa, irin su %USERPROFILE% da %APPDATA%, kuma ku tara fayilolin aiki guda a folda guda domin su riƙa nuna juna daga inda suke. Ku rubuta harafin kowane faifai kafin sabuntawa, domin faifan da yake D jiya yana iya zama E yau, kuma ana mayar masa da harafinsa ta Disk Management cikin ɗan lokaci.

Akwai kuma iyakar haruffa 260 da Windows ta daɗe da ita a kan tsawon adireshi. Tun daga sabuntawar 1607 ta Windows 10 a shekarar 2016 ana iya ɗage ta, amma sai an kunna zaɓin, kuma sai manhajar kanta ta san da shi. Haɗarin yana zuwa ne a lokacin kwafin ajiya, idan aka zuba folda mai zurfi a cikin wata folda mai dogon suna, sai wasu fayiloli su zarce iyaka a tsallake su. Ku kwatanta adadin fayilolin asali da na kwafi kafin ku goge komai. Haruffanmu masu lanƙwasa, wato ƙ da ɗ da ɓ, sababbin tsare-tsare suna karɓarsu a sunan fayil, amma tsohuwar manhajar da ba ta san Unicode ba, wato tsarin da ke ɗauke da haruffan harsuna dabam-dabam, tana iya mayar da su alamar tambaya ta kasa buɗe fayil ɗin, don haka ban ba ku shawarar sa su a sunan asusu ko na foldar da manhajoji ke dogara da ita ba. Wanda zai koma Linux kuma ya sani cewa a can Rahoto.txt da rahoto.txt fayiloli biyu ne dabam, kuma sandar da ke raba sunayen folda tana karkata ne gaba, ba baya ba.

Idan aka sabunta Windows a kan tsohuwar ba tare da gogewa ba, tana ajiye tsohon tsarin a foldar Windows.old, ta ba da kwana 10 na komawa baya, bayan haka hanyar ta rufe, kuma tana rufewa tun kafin lokacin idan wani ya share foldar domin neman fili. Kwana 10 ba ya isa ga wanda wani aikinsa sai ƙarshen wata yake zuwa, kamar biyan albashi ko haɗa rahoto. Shi ya sa nake ɗaukar hoton faifan gaba ɗaya kafin in taɓa komai, ba kwafin fayiloli kaɗai ba, in kuma rubuta lambar ceto mai alƙaluma 48 ta BitLocker, wato makullin da Windows ke rufe bayanan faifai da shi, a wajen kwamfutar. Bayan an gama, ku zaunar da mai na'urar ya yi ainihin aikinsa a gabanku: ya buga takarda, ya ɗauki hoton wata da sikana, ya buɗe fayil mafi nauyi da yake da shi, ya gwada aikin ƙarshen wata ko da watan bai ƙare ba, ku kuma ku buɗe faifan ajiya washegari ku duba kwanan watan da ke jikin fayilolin da ya kwafa.