Rowar shilin dubu biyu ta ja min asarar waya a Sipi

Har yau in na kalli sikirin ɗin wayata sai haushin kaina ya kama ni wallahi. Shekarata biyu a Mbale ta ƙasar Uganda ina karatu, Sipi ɗin nan, wurin da ruwa ke zubowa daga saman dutse, tafiyar kamar awa ɗaya ce a mota ta hanyar Kapchorwa, a jikin dutsen Elgon, amma ban taɓa leƙawa ba sai wata Asabar da wani abokina Bazazzage ya matsa min.

Muna sauka yara suka yanyame mu da sanduna, wai haya, wani ma hawainiya ya ɗora a kan reshe a ɗauki hoto a biya shi. Ɗan jagoranmu ya kalli ƙafata, ya ga takalmin da nake zuwa masallacin Juma'a da shi, ƙasansa sumul kamar faranti, ya ce in karɓi sanda ko in nemi rambut. Na ce haba, ni da na hau Dala da Goron Dutse da silifas? Abokina ya ce, "Malam, dubu biyu ce fa, karɓi abinka." Na ce ai ka san su, sun ga baƙo ne. Shi ya karɓa, ni na yi gaba ina taƙama.

Wuraren da ruwan ke zubowa uku ne, zagayen duka yana cin awa uku zuwa huɗu, ana ratsa gonakin kofi da ayaba. Hawa bai ba ni wuya ba, kogon da ke bayan ruwan tsakiya ma mun shiga mun jiƙe sharkaf muna ta ihu kamar yara. Abin da ban sani ba shi ne ƙasar wurin ba irin tamu ba ce, jar laka ce mai santsi kamar an zuba miyar kuɓewa, kuma gangara ce ke kayar da mutum ba hawa ba. Ga shi mun makara, sai wajen sha ɗaya muka fara, ruwan sama kuma a can ya fi son bayan azahar.

Muna gangarawa wajen babban, wanda ya kai kusan mita 100, yayyafi ya sauko. Jagora na ta cewa pole pole, wato sannu a hankali, ni kuma na zaro waya zan yi wa 'yan gida bidiyo. Ban san lokacin da ƙafafuna biyu suka tashi sama ba. Na tafi suuu a zaune, wayar ta daki dutse, takalmi ƙafa ɗaya ya shige ciyawa sai wani yaro ne ya tsinto min, kuma yaron da na hana dubu biyun ne, ashe tun ɗazu yana biye da mu da sandarsa. Dubu biyar na ba shi, ko kallon idonsa ban iya yi ba.

Duk mai zuwa don Allah ya fita da sassafe, ya sa takalmi mai ƙaya a ƙasa, waya a leda cikin jaka, kuma ya karɓi sandar nan kada ya tsaya ciniki. Ya riƙe wandon canji ma, don ni a jarida na zauna a mota har Mbale, kwandasta na ta harara ta. Bazazzagen nan kuwa har yau in ya gan ni a masallaci sai ya ce, "Sarkin Dala, ya ƙugu?"