Gashin ƙugu da man riɗi: sana'ar da na koyo a Kerala

Galibin masu zuwa shagona dafe da ƙugu suke shigowa: teloli, direbobin adaidaita sahu, ma'aikatan da ke wuni a kujera. Mata kuwa uwargidana ce ke kula da su a ɗaki na daban. Abin da muke yi musu shi ne kati basti, gashin ƙugu da ɗumamen mai irin na Ayurveda, daɗaɗɗen ilimin maganin Indiya. A jihar Kerala na koya, kusa da garin Kottakkal, inda cibiyar Arya Vaidya Sala take, wadda P. S. Varier ya kafa a 1902. Likitocin Ayurveda karatun shekara biyar da rabi suke yi. Ni aikin hannu na koya a ƙarƙashin ɗayansu, kuma a nan nake tsayawa.

Mutum zai kwanta rub da ciki. Sai in kwaɓa gari da tauri, in murza shi, in kewaye wurin ciwon da shi kamar bakin rijiya, tsayin yatsa biyu. A can garin wani baƙin wake suke kwaɓawa, urad, don yana da danƙo. A Kano samunsa sai an sha wuya, shi ya sa nake haɗa shi da na alkama. Daga nan in jiƙa yatsa in bi gindin kewayen ciki da waje ina liƙewa, domin ƙofa ɗaya ta isa ta zubar da man gaba ɗaya.

Gwanintar aikin tana wajen zafin man. Ba a ɗora shi kan wuta kai tsaye. A kwano ake zuba shi, a tsoma kwanon cikin ruwan zafi. Kafin ya taɓa bayan kowa sai na ɗiga a wuyan hannuna, sannan in tsiyaya shi ta kan yatsuna ya gangara a hankali. Da ya fara hucewa in tsane shi da auduga, in zuba sabo. Haka za a yi ta yi har minti 30 zuwa 40, hannu ba ya hutawa. Dattawa kan ce, "Ɗana, ƙara wuta, ban ji ba." Sai in ce, "Baba, yi haƙuri, ɗumin da ya daɗe shi ke ratsa jiki." Bayan an cire kwaɓin sai tausa mai sauƙi da gashin tawul.

Man Dhanwantharam da na Sahacharadi, waɗanda ake dafawa da saiwoyi, daga Indiya suke zuwa, kuma tsadar dala ta sa ba kowa ke iya biya ba. Amma tushensu man riɗi ne, riɗi kuwa Allah Ya hore mana shi. A kasuwar Dawanau nake sayen na Jigawa, a matse mini ina tsaye, saboda na kwalba sau da yawa an sirka shi da wani mai. Man da ya taɓa jikin wani ba ya komawa jikin wani, ko da asara zan yi.

Akwai waɗanda ba na karɓa. Wanda ƙafarsa ke mutuwa, ko fitsari ke kufce masa, ko ciwon ya zo da zazzaɓi da rama, asibiti nake tura shi a ranar, domin tarin fuka ma yana kama ƙashin baya. Mai juna biyu da mai ƙurji a wurin su ma a'a. Mai ciwon suga kuwa sai da taka-tsantsan, fatarsa na iya ƙonewa bai ji ba. Gashin nan yana sassauta naman da ya ƙage, mutum ya samu barci, ya iya ruku'u, amma ba ya mayar da faifan bayan da ya goce. Wannan nakan faɗa wa kowa tun kafin ya biya.

Kwana 7 a jere ake yi. A tsawon kwanakin nakan hana wanka da ruwan sanyi, da kwana a gaban fanka, da ɗaukar kaya mai nauyi. Tela kuma sai mun yi yarjejeniya zai riƙa tashi daga kan keke yana miƙe baya, in ba haka ba kafin wata biyu ya cika zai sake dawowa.