Sati na shida da keken BMX: abin da na cire da abin da na bari

'Yan uwa masu koyo, ga inda aka kwana.

Keken nan na BMX, wato ƙaramin keken wasan tsalle-tsalle, na gwanjo ne, mai taya inci 20. Da na ɗora shi a sikelin mai sayar da hatsi a unguwarmu, ya haura kilo 13. Ƙarfen jikinsa mai arahar nan ne, ba kuromoli 4130 ba, wato ƙarfen nan mai ƙwari da ke sa keke ya rage nauyi, wanda gwanaye ke hawa, don haka nauyin gangar jikin sai haƙuri. Sai na bi ta gefe. Na kwance ƙarafunan nan huɗu da ake takawa a gefen tayoyi, tunda har yanzu ban kai ga wasan zamiya da su a kan dakali ba. Na rage sandar sirdi da zarto. Na cire birkin gaba. Na baya kam yana nan daram. Na ga masu hawa ba birki a bidiyo, amma su ba a layinmu suke wasa ba, inda adaidaita sahu ke ɓullowa ba sallama.

Inda na yi wauta shi ne kan keken, wato sitiyarin da ake riƙewa. Na yanke inci guda a kowane gefe, nauyin da ya ragu bai kai na ƙwai ɗaya ba, ga shi yanzu in na ɗaga tayar gaba sai keken ya riƙa rawa a hannuna. Kada ku taɓa shi tukuna.

Abin da ya fi canza hawana ma ba zarto ba ne. Sarƙata ta saki, kuma da haƙora 25 a gaba, 9 a baya, ɗan sakin nan ya isa ta zame daidai lokacin da ka danna feda za ka yi tsalle. Gwiwata ta shaida. Na sassauta notin tayar baya, na ja ta baya kaɗan, na ɗaure. Baƙin mai kuwa na daina zuba mata, don da ƙurar hunturu yake haɗuwa ya zama kamar yashi yana cin haƙora. Yanzu kananzir nake wanke ta da shi, in ɗiga mai kaɗan, in goge da tsumma.

Wani dattijo mai gyaran keke ya koya mini kaɗa wayoyin taya da yatsa ɗaya bayan ɗaya kamar mai kiɗan garaya. Wadda ta yi ƙara daban, ta saki. Na samu guda biyar a tayar baya.

Sati mai zuwa zan gwada tsallake bulo a kwance. Wanda ya taɓa sa irin ƙarafunan gefen nan amma na roba ya gaya mini ko suna jure siminti.