Harajin kansil da filin bayan gidanmu

Watan Nuwamba na sauka Ingila, lokacin da kafin ƙarfe huɗu da rabi an yi magariba. Aikin kula da tsofaffi ya kawo ni Birkenhead, tsallaken kogin Mersey daga Liverpool. Daga aiki sai ɗaki, daga ɗaki sai aiki, ga sanyi ga kewa, abinci kuwa biredi da shayi, kafin wata biyar wanduna duk sun matse ni. Ana haka takardar harajin kansil, wato ƙaramar hukuma, ta iso, wallahi sai da na nemi wuri na zauna, haya daban wuta daban gas daban, to wannan kuma na mene ne fisabilillahi?

Likita ne ya fara turo ni filin shaƙatawa na Birkenhead Park. Ya gwada ni ya ce jinina ya fara hawa, in riƙa tattaki kullum. A raina na ce mu a Kano in an ga babban mutum yana sayyada da rana ai cewa za a yi kuɗin adaidaita ya rasa. Amma dai na je, tunda minti bakwai ne daga gida.

Wuri ne fa ba na wasa ba, tafkuna, manyan bishiyu, filin ƙwallo, wajen wasan yara, kuma ba mai tare ka a ƙofa ya ce kawo ko sisi. Tun 1847 aka buɗe shi kuma da kuɗin jama'a aka gina, a zamanin da ma'aikata ke cunkushe a gidaje cikin hayaƙin masana'antu. Olmsted, ɗaya daga waɗanda suka zana filin shaƙatawa na Central Park a New York, sai da ya zo nan a 1850 ya gani. Kansil ke kula da shi, wato har da ɗan abin da suke yanka a aljihuna, duk da kaso mafi tsoka kula da tsofaffi da yara yake tafiya. Wata abokiyar aikina ta ce doka ba ta tilasta wa kansil riƙe irin filayen nan ba, shi ya sa in kuɗi ya yi ƙaranci su ake fara rage wa.

Ita ce ma ta ja ni parkrun, gudun kilomita 5 duk Asabar ƙarfe tara na safe, kyauta, 'yan sa-kai ke shiryawa. A 2004 mutum 13 suka fara shi a Landan. Ranar da na fara zuwa wata tsohuwa sa'ar kakata ta wuce ni fuuu, har tana ba ni ƙwarin gwiwa, kunya kamar in nutse. Karnukan da suke zuwa da su filin ne dai har yau ba mu shirya ba.

Jinin ya sauka alhamdulillah. Rannan na tura wa ƙanina hoton filin, ya ce Yaya ai filin ƙwallon unguwarmu ma an yanka shi an yi shaguna, yanzu yara a bakin titi suke bugawa.