Yamma huɗu a gaɓar Dakar da kyamara

Shekaranjiya na dawo daga Dakar, har yanzu akwai yashi a maƙale cikin gaɓoɓin ƙafa-ukun da nake ɗora kyamara a kai. Abin da ya kai ni shi ne ɗaukar faɗuwar rana a teku. Na zaɓi garin ne saboda tsinin Almadies, inda ƙasar nahiyar Afirka ta ƙare ta yamma. Duk wanda yake son ya ga rana ta nutse cikin ruwa dole ya nemi gaɓar da ke fuskantar yamma, kuma ba kowace gaɓa ce haka ba. Ko a cikin Dakar, bakin ruwan Ngor arewa yake kallo, wajen tsibirin, shi ya sa leƙawa kawai na yi na wuce.

A watan Nuwamba rana tana faɗuwa a can wajen ƙarfe 6:40, tana ɗan karkata kudu maso yamma. Abin da mutum zai sa a ransa shi ne gajartar almuru. Garin bai yi nisa da layin da ya raba duniya biyu ba, rana a tsaye take gangarawa, daga nutsewarta zuwa lokacin da haske mai amfani zai ƙare bai fi minti 20 da 'yan kai ba. Babu damar tsayawa lalube. A isa wurin awa guda kafin lokaci, a zaɓi dutsen da zai zauna a gaban hoto, a daidaita layin da sama ta haɗu da ruwa, a gama saitin komai tun ido yana gani.

Yammar farko a Almadies wani mai gadi ya tare ni tun ban gama miƙe ƙafafun kyamarar ba, ya yi ta ɗaga murya yana nuna hanya da hannu, ko gaisuwata bai amsa ba. Gine-gine sun cinye yawancin bakin ruwan wurin, abin da ya ɓata min rai ƙwarai. Na koma gefe kan rairayi, kuma a nan na ci karo da matsalar da ta fi kowace lalata hotunan teku.

Hotunan daren duk sun fito dishi-dishi, alhali fokos daidai yake. Yashi ne. Duk lokacin da igiyar ruwa ta zo ta koma, tana zare yashin da ke ƙarƙashin ƙafafun, kyamara ta nutse kaɗan-kaɗan yayin da shota, wato murfin da ke barin haske ya shiga, ke buɗe. Ido ba ya ganin wannan motsi, amma a hoton sakan biyu yana fitowa ɓaro-ɓaro. Ana gane shi idan an faɗaɗa hoton a sikirin: komai ya ja gefe guda, na kusa da na nesa, kamar an shafa da yatsa. Kuskuren fokos ba haka yake ba, shi akan samu wani wuri ɗaya da ya fito fes, sauran su yi laushi. Maganin shi ne a danna kowace ƙafa cikin jiƙaƙƙen yashi da nauyin jiki, a bari ruwa ya wanke ta sau biyu ko uku har ta zauna daram, sannan a fara ɗauka. A fara zaro siraran ƙafafun ƙasa don gaɓoɓin su yi nesa da yashi. Sandar tsakiya kuwa kada a ɗaga ta sam, iska kaɗan ke girgiza ta. Idan za a rataya jaka don ƙarin nauyi, a saki igiyarta ta taɓa ƙasa, jakar da ke lilo ta fi rashinta muni.

Yamma ta biyu na sauka Ouakam, inda masallaci yake zaune a bakin ruwa ƙarƙashin gangare, kwale-kwalen masunta jere a gabansa. Nan aikin ya yi kyau, kuma wani dattijon masunci ne sila. Ya ga inda na kafa kayana a kan wani falalen dutse, ya zo ya nuna min jiƙaƙƙen gansakuka a samansa, ya ja ni baya wajen taku goma, ya ma ɗaukar min jaka. Ba a yi minti goma sha biyar ba ruwa ya rufe dutsen. Teku yana cikowa sau biyu yana janyewa sau biyu a kwana, kuma lokacin yana jinkirta da kusan minti 50 kowace rana, don haka wurin da ya bushe jiya war haka yau yana iya zama cikin ruwa. A duba jadawalin cikowar teku kafin a fito, kuma kada a juya wa ruwa baya.

Ga yadda na saita. Idon kyamara (lens) mai faɗi, 24mm, a kan kyamara mai cikakken firam, wato mai babban farantin karɓar haske. ISO (ƙarfin jin haske) 100, hoto a tsarin RAW (ɗanyen hoto da ake gyarawa daga baya), buɗin ido, wato ramin da haske ke shiga, f/8 zuwa f/11. Mutane da yawa suna tsuke shi zuwa f/22 da tunanin komai zai fito tar, amma idan ramin ya yi ƙanƙanta haske yana watsuwa a gefensa, hoton gaba ɗaya ya yi laushi. A 24mm da f/8, idan an ɗora fokos a mita 2.4, daga kusan mita 1.2 har ƙurewar gani zai fito da kyau. Ni nakan ɗan wuce, in sa a mita 3, gara in rasa kaɗan a gaba da in rasa layin teku. Da rana ta nutse, fokos mai sarrafa kansa sai ya shiga kai da komo yana neman abin kamawa, domin ruwa da sama sun zama launi ɗaya. A kashe shi. A haska dutsen da tocila, a faɗaɗa shi ninki goma a sikirin, a murza zoben da hannu har gefen dutsen ya fito tangaran, sannan a bar shi. Alamar nesa da ke jikin zoben ba abin dogaro ba ce, yawancin idanun zamani suna zarce ta. Idan dutsen ya matso ƙasa da mita guda, a ɗauki hoto uku ba tare da motsa kyamara ba, na kusa, na tsakiya, na nesa, a haɗe su a kwamfuta.

A kashe na'urar hana girgiza muddin kyamara tana kan ƙafa-uku, kuma kada yatsa ya taɓa maɓalli lokacin ɗauka, a sa jinkirin sakan biyu. Mai kyamarar madubi ya kulle madubin a sama tukuna. Sannan kada ya leƙa rana ta tagar gani da ido mai jawo nesa, hakan yana iya illata gani.

Saurin shota shi ke yanke yadda ruwa zai kasance. A 1/500 igiya tana tsayawa cak da ɗigonta. Tsakanin rabin sakan da sakan ɗaya kumfa tana barin fararen zaruruwa, kuma sun fi kyau idan an danna lokacin da ruwa ke komawa. A sakan 30 teku ya zama kamar hayaƙi. Kafin rana ta faɗi haske ya yi yawa ga irin wannan jinkiri, sai an sa filtar ND, gilashi mai duhu da ke rage haske mataki shida (kowane mataki yana rage rabin hasken), wadda ke mayar da 1/60 ya zama kusan sakan ɗaya. Duwatsun gaɓar Dakar baƙaƙe ne, na aman wuta, suna shanye haske, ga sama tana ci kamar garwashi, hoto ɗaya ba ya ɗaukar duka biyun. Na riƙa ɗaukar uku: daidai, mataki biyu ƙasa, mataki biyu sama. Ma'aunin launi na tsayar a 5500K, wato na hasken rana, domin idan an bar wa kyamara zaɓi takan kashe jan shafaƙi. A riƙa duba jadawalin haske (histogram) da kyamara ke nunawa, musamman na launin ja, shi ke fara ƙonewa. Sikirin a cikin duhu yana nuna hoto da haske fiye da yadda yake.

Akwai dishi-dishi na uku, na gishiri. Iska tana ɗauko feshi ta shafa a gilashin gaba, hoto ya yi hazo, fitilu su yi gammo. Bayan kowane hoto biyar ko shida a haska gilashin a duba. A hura yashi tukuna, sannan a goge da tsumma mai laushi, a riƙe guda uku domin na farko ba ya jimawa yake jiƙewa.

Yamma ta uku na hau tudun Mamelles, wajen hasumiyar fitilar jiragen ruwa da aka gina a 1864. Iska ta yi ƙarfi, na rage tsawon ƙafafun zuwa gwiwa, na ɗaga ISO zuwa 400 don shota ta yi sauri, na tsaya ta inda iska ke bugowa ina kare kyamara da jikina.

Ta huɗu hazo ya haɗiye rana tun tana sama da ruwa, na jira shuɗin da ke biyo baya na ɗauki hoto shida a sakan 30. Da na koma masauki na warware ƙafafun gaba ɗaya, na ɗauraye su da ruwan famfo, na shanya su kafin in haɗa kaya.