Na ɗauka ƙishirwa ce, ashe tsutsa ce ke cin masarata

Har yau in na tuna fetur ɗin da na ƙona a banza, raina ɓaci yake yi. Masarar rani muka shuka ni da kawuna kusa da madatsar ruwa ta Daberam a ƙasar Daura, kuma ni na kawo shawarar mu riƙa duba gonar ta tauraron ɗan'adam. Hotunan taurarin Sentinel-2 na Tarayyar Turai kyauta ne, duk bayan kwana 5 ake samun sabo, kuma da rani babu gajimaren da ke rufe gona irin na watan Agusta. Lafiyayyen ganye yana shanye jan haske, ya mayar da wani haske da idon mutum ba ya gani. Da shuka ta shiga wahala sai wannan hasken ya ragu, ma'aunin lafiyar shuka da ake kira NDVI ya faɗi, wurin ya sauya launi a taswira.

Masara ta kai gwiwa, sai na ga gefen gabas ya yi rawaya a wayata, sauran gonar kuwa kore shar. Gefen nan shi ne mafi nisa da injin ban-ruwa, ga shi jigawa. Ko tantama ban yi ba, na ce ƙishirwa ce. Ina Katsina a lokacin, na kira yaron gona na ce a ninka musu ruwa. Hoto na gaba ya zo, rawayar ta ƙara faɗi. Na ce a ƙara. Kwana 10 cur muna tura ruwa, ban taka gonar ba ko sau ɗaya.

Ranar da na je, Kawu bai yi mini faɗa ba. Cewa ya yi, "Ɗana, abin naka ne ya ce ruwa take so, ko kai ka faɗa?" Ya kama wata shuka ya buɗe tsakiyarta. Ganyen duk huji, ciki cike da kashin tsutsa kamar dusa, ga ta nan kwance ta yi ɓul-ɓul, da ɗigo huɗu baƙaƙe a wajen wutsiya. Tsutsar masarar nan ce da ake kira fall armyworm, wadda ta ɓulla a Najeriya a 2016. Ƙasar da muke tsaye a kai kuwa har caɓi take yi.

Taswirar ba ta yi ƙarya ba. Wuri ta nuna, kuma daidai ta nuna. Sai dai kowane ɗigo a cikinta fili ne mai mita 10 tsawo da faɗi, ba za ta ga huji a ganye ba. Ƙishirwa, tsutsa, ƙarancin taki, duk rawaya ɗaya suke bayarwa. Ni na ɗora mata dalili daga zaune. Abin da ya fi ci mini rai shi ne tsutsar nan tana ƙarama ake cin ƙarfinta. In ta girma ta shige can ciki, feshi da ƙyar yake isa gare ta. Kwana goman nan su ne damar da na zubar.

Mun yi feshi da yamma, muna saita bakin famfon cikin tsakiyar kowace shuka. Yammacin gonar ya tsira, gabas kuwa rabin abin da muka sa rai ma ba mu samu ba. Ban daina duba taswirar ba, amma yanzu da na ga rawaya, kafin a tayar da inji sai an tona ƙasa da hannu, an buɗe tsakiyar shuka a wurare daban-daban, an turo mini hoto.